Daga Tsakar Gidan Seydou Keïta zuwa Wayar Tela: Tarihin Hoton Tufafi

Duk wanda ya taɓa sayen yadi ko ɗinkakkiyar riga ta waya ya san wannan rigimar. Tela ya gama aiki da daddare, ya rataye rigar a jikin ƙofa, ya ɗauke ta hoto a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya tura wa mai kaya ta WhatsApp. Shaddar da take ruwan toka sai ta fito ruwan ƙasa, aikin wuyan da aka kwana huɗu ana yi ya dushe ya koma kamar tabo, mai kaya ya fara ƙorafi tun bai taɓa rigar da hannunsa ba. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu: hoton ya fi rigar kyau, mai saye ya biya, kaya suka iso, ya rantse cewa ba wannan ya gani ba. Ko ta wace fuska an yi asarar kuɗi, an kuma yi asarar yarda, wadda ta fi kuɗi wuyar dawowa.

A da, tela ba ya buƙatar sanin komai game da hoto, domin mai kaya da ƙafarsa yake zuwa, ya gani, ya taɓa, ya gwada. Yau kuwa tela, da mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, da mai ɗaura wa amare ɗankwali, da mai tsara wa mutane shigar biki, duk hoto ne ke riga su isa wurin mai saye. Shi ya sa da yawansu suke neman koyon ɗaukar hoto, ko da abubuwan farko ne. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne, kowane darasi daga cikin waɗannan darussa na farko yana da tarihi, akwai wanda ya fara cin karo da matsalar, akwai kuma wanda ya warware ta. Kuma kaso mai tsoka na wannan tarihin a Afirka ta Yamma aka yi shi.

Kafin a san sunan sana'ar

An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a Faransa a 1839, ba a jima ba masu hali suka gane amfaninta wajen nuna sutura. Wata mai sarauta 'yar Italiya da ke zaune a Paris, Virginia Oldoini, wadda aka fi sani da Contessa ta Castiglione, ta fara zuwa wurin mai hoto Pierre-Louis Pierson a 1856, ta kuma ci gaba da zuwa har kusan shekara 40. Ɗaruruwan hotuna suka yi tare. Pierson ne ke riƙe da kyamara, amma ita ke zaɓar rigar, ita ke yanke shawarar yadda za ta tsaya da inda za ta kalla. Aikin da yau ake biyan mai tsara kwalliya ya yi, wato tsayawa tsakanin tela da mai hoto a shirya abin da kyamara za ta gani, ita ta yi wa kanta shi tun sana'ar ba ta da suna.

Mujallun ado kuwa sun daɗe suna dogara da zanen hannu, saboda buga hoto a takarda yana da wuya har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. A 1911 Edward Steichen ya ɗauki rigunan fitaccen telan Paris, Paul Poiret, aka buga su a mujallar Art et Décoration, kuma masana da yawa daga nan suke fara lissafin hoton tufafi na zamani. Hotunan wannan zamani a cikin ɗaki ake yin su, mai sanye da rigar ta tsaya cik kamar gunki. Sai a 1933 editar Harper's Bazaar, Carmel Snow, ta ɗauko Martin Munkacsi, ɗan ƙasar Hungary wanda ya saba da ɗaukar hotunan wasanni, ta kai shi bakin teku a kusa da New York. Munkacsi ya sa matar da za a ɗauka ta taho da gudu. Abin da wannan hoton ya koya wa masu sana'ar shi ne, yadi yana da hali biyu, halinsa a rataye da halinsa a jikin mai motsi, kuma na biyun ne mai saye yake son sani. Duk wanda ya taɓa ganin babbar riga a ninke, sannan ya gan ta a jikin mutum yana saɓa hannunta a kafaɗa, ya fahimci wannan ba tare da dogon bayani ba.

Kafinta mai kyamara

A daidai wannan lokacin, a Bamako, wani yaro ɗan kafinta mai suna Seydou Keïta ya samu kyautar da ta sauya masa rayuwa. A 1935 wani ɗan uwan iyayensa ya dawo daga Senegal da ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Keïta bai yi makarantar hoto ba. Ya koya da gwaji da ɓarnar fim da tambayar waɗanda suka riga shi, har a 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a gidansu da ke unguwar Bamako-Coura, ba nisa da tashar jirgin ƙasan da ya haɗa Bamako da Dakar. Wannan kusanci ya kawo masa matafiya daga sassa daban-daban na yankin, ban da mutanen gari.

Mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana. Fim yana da tsada, don haka al'adarsa ita ce ɗauka ɗaya ga kowane mutum, ba a maimaitawa. Nagatif ɗinsa babba ne, santimita 13 da 18, kuma daidai girmansa yake wanke hoton ya ba mai shi. Mai ɗauka ɗaya tak ba shi da damar ya ce bari mu gwada mu gani, dole ya gama dukan tunaninsa kafin ya danna. Saboda haka Keïta yakan ɗauki lokaci yana gyara zaman mutum: ya karkata kafaɗa, ya juya fuska kaɗan daga kyamara, ya baza hannun doguwar riga domin a ga faɗin yadin da zanensa, ya ɗora hannu a inda zobe da lalle za su fito, ya gyara ɗaurin kallabi yadda 'yan kunnen zinariya ba za su ɓuya ba. Wasu matan ya sa su kishingiɗa, rigar ta shimfiɗu a gabansu tun daga kafaɗa har idon sawu.

Bayan mutum kuma yakan rataya labule. Na farkonsa zanen shimfiɗar gadonsa ne, daga baya ya riƙa sauya wasu masu zanen furanni da ganye. Littattafan koyon hoto sukan ce a sa mai tufafi masu zane a gaban bango marar zane, kada ido ya rikice. Keïta ya sha karya wannan doka, ya ɗora zane a kan zane, amma ya san abin da yake yi: girman zanen labulen ya bambanta da na rigar, duhunsu ma ya bambanta, sai fuskar mutum da hannayensa su zama wurin da ido ke hutawa. Yana kuma ajiye kayan aro, kamar kwat, agogo, alƙalami, rediyo, babur ƙirar Vespa, har da mota, domin wanda yake son ya fito a matsayin ɗan birni ya samu abin da zai jingina da shi.

Waɗannan hotuna ba don mujalla aka yi su ba. Mutane ne suka ɗinka sabon kaya na salla ko na biki, suka zo a adana musu ranar, su aika wa dangi a ƙauye ko masoyi a wani gari. To amma da yake sutura ce babban dalilin zuwansu, sai aikin Keïta ya zama kundin adon Bamako na shekarun 1950, wanda ba a samun irinsa a rubuce a ko'ina. Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto a 1962, ba da daɗewa ba ya rufe wurin nasa.

Dare, kitso da launi

Wanda ya biyo bayansa a suna shi ne Malick Sidibé. Shi kuma ƙaramar kyamara ya rataya da fitilar filasha, ya bi samari da 'yan mata zuwa wuraren rawa da bakin kogin Neja. Da asuba yakan wanke hotunan, ya manna su a kwali, waɗanda suka halarci taron su zo su zaɓa su saya. A ɗakin hotonsa da ke unguwar Bagadaji ya shahara da labule mai ratsi-ratsi da daɓe mai gida-gida baƙi da fari. A birnin Yamai, Philippe Koudjina ya yi irin wannan aikin a shekarun 1960 da 1970, ya bar mana kamannin gayun matasan babban birnin Nijar na wancan lokaci.

A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya bi wata hanya dabam. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson mata, ya yi shekaru yana yi har ya tara kusan 1,000. Yawanci ta ƙeya ko ta gefe yake ɗauka, a gaban bango fili, da haske mai laushi wanda ke bin kowace tsaga da kowane zare. Ya cire duk abin da zai ɗauke hankali, ya bar kitson shi kaɗai. Ya yi haka ne da niyyar adanawa, domin ya lura yayin gashin kanti yana neman shafe tsofaffin salon kitso. Duk mai ɗaukar hoton hula ko jaka ko ɗaurin gwaggwaro a gaban farin bango yau, hanyar Ojeikere yake bi ko bai taɓa jin sunansa ba.

A Ghana kuma akwai James Barnor, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa mai suna Ever Young a Accra a farkon shekarun 1950, ya tafi Ingila a 1959, ya riƙa ɗaukar baƙaƙen mata a titunan Landan domin mujallar Drum. A can ya koyi aikin hoto mai launi, ya dawo gida wajen 1970 ya kafa wurin wankin hoto mai launi na farko a ƙasar.

Zuwan launi ya zo da matsalar da har yau ba ta gama warwarewa ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, domin su daidaita injinansu da shi. Sunan matar farko da aka ɗauka Shirley, shi ya sa ake kiransa katin Shirley. Ma'anar wannan ita ce, farar fata ce ma'aunin da ake gwada daidaiton launi da shi, kuma sinadaran fim ɗin ma an haɗa su ne domin su fi fitar da bambance-bambancen da ke cikin launuka masu haske. Baƙin mutum a irin wannan fim yakan fito fuska a cushe, sai idanu da haƙora. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin lamarin a wani bincike da ta wallafa a 2009, inda ta nuna cewa daga cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya gyara fim ɗinsa akwai koken masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda tallansu ba ya nuna bambancin launukan ruwan ƙasa. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban.

Launin ya kuma karya tsofaffin masu hoton. A shekarun 1980 injinan wankin hoto mai launi masu sauri suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Yanzu kowa zai iya rataya kyamara ya shiga gidan biki, ya kai fim inji ya wanke. Hoto ya yi araha, wanda alheri ne ga talaka, amma mai ɗauka ya rasa iko a kan yadda hoton zai fito, tunda ba shi ke shiga ɗakin duhu ba. Ɗakunan hoton baƙi da fari suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sidibé kansa ya koma yana samun abinci da gyaran kyamarori.

Akwatin Sasson

Tushen hoton dijital a Amurka yake. A 1969 Willard Boyle da George Smith na ɗakin binciken Bell suka ƙirƙiro wani ɗan faranti da ke mayar da haske ya zama cajin lantarki, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. A Disamban 1975 wani matashin injiniya a Kodak, Steven Sasson, ya haɗa irin wannan faranti da idon kyamara da rikodar kaset, ya ɗauki hoto ba tare da fim ba. Akwatin nasa ya kai nauyin kilo 3.6, hoton baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai da aka yi daƙiƙa 23 kafin ya gama shiga kaset. Manyan kamfanin ba su yi zumuɗin abin ba, domin da sayar da fim suke ci. A 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu abubuwa suka yi ta zuwa a jere. Photoshop ya fito a 1990. Kodak ɗin dai ya fitar da kyamarar dijital ta ƙwararru a 1991. An tsayar da tsarin JPEG na matse hoto a 1992. Wayoyi masu kyamara suka shiga kasuwa a Japan wajen 2000, Najeriya ta samu layukan GSM a 2001, Instagram ya bayyana a 2010. Daga nan kyamara, da ɗakin duhu, da allon tallan da ake manna hoto, duk suka dunƙule suka shiga aljihun tela.

Akwai abu ɗaya game da yadda kyamarar dijital ke aiki wanda ya kamata kowane mai harkar yadi ya sani. Farantin da ke cikinta ba ya ganin launi, yawan haske kawai yake aunawa. Wani ma'aikacin Kodak, Bryce Bayer, shi ya tsara dabarar da aka yi wa rajista a 1976, ta shimfiɗa wa farantin raga mai ƙananan tagogi, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Kowane ɗigo launi ɗaya yake karɓa, sauran biyun kwamfutar da ke cikin kyamarar ce ke ƙiyasta su daga maƙwabtansa. Wato launin da kake gani a fuskar waya lissafi ne, kuma lissafi yana iya kuskure. Waɗanda suka tuna gardamar da ta cika intanet a Fabrairun 2015, kan wata riga da wasu suka rantse fara ce da ruwan zinariya, wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi, sun ga iyakar abin. Rigar shuɗiya ce da baƙi. Hoton ne aka ɗauka cikin gurɓataccen haske, ƙwaƙwalwar kowane mai kallo ta yi nata ƙiyasin.

Abin da mai koyo ya gada

Idan aka dubi darussan farko da ake koya wa mai son ɗaukar hoton sutura da wannan tarihin a zuciya, sai su daina zama dokokin haddacewa.

Na farko haske ne, kuma amsar Keïta ba ta tsufa ba. Rana tsaka tana saukowa daga sama, ta haƙa ramukan inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa, ta ƙone farin yadi. Inuwar rumfa ko ta bango a tsakar gida, inda sama take a buɗe, tana ba da haske mai faɗi da laushi. Hantsi da la'asar sakaliya ma haka. Idan ana son aikin wuya ko surfani ya fito, sai hasken ya zo daga gefe, domin ƙananan inuwoyin da zare ke yi su ne ke nuna wa ido tudu da kwarinsa. Filasha daga gaba tana kashe waɗannan inuwoyi, a kan shadda mai sheƙi ko baƙin rawani da ya sha bugu kuma tana dawowa kamar daga madubi, ta bar farin tabo. Maganin abin shi ne a karkata yadin kaɗan har ƙyallin ya bi jikinsa a hankali. Gefen da ya yi duhu kuma farin ƙyalle ko farin kwali ya isa ya mayar masa da haske. A ƙarancin haske kyamara takan daɗe ido a buɗe, hoto ya girgiza, ko kuma ta ƙara ƙarfin jin haskenta, hoto ya fito da yashi-yashi. Ko wanne ya faru, saƙar yadin ta ɓace.

Na biyu launi. Kowane haske yana da nasa launin. Tsohon ƙwan lantarki ja-ja ne, ana auna shi wajen 2,700 a ma'aunin Kelvin, hasken rana wajen 5,500, inuwa kuma ta fi karkata zuwa shuɗi. Idonmu yana gyara wannan da kansa, kyamara kuwa ƙiyasi take yi. Shi ya sa shaddar telanmu ta canja launi. Abin yi shi ne kada a haɗa haske iri biyu, a kashe ƙwai idan ana amfani da taga, sannan a sa farar takarda a cikin hoton gwaji na farko, a gyara har ta fito fara. Wannan shi ne aikin katin Shirley, sai dai yanzu kai ke zaɓar ma'auninka.

Na uku awon haske. An gina kyamara a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, idan aka cakuɗa shi, matsakaicin ruwan toka zai bayar. Saboda haka idan farar babbar riga ta cika hoto, sai kyamara ta rage haske, rigar ta fito da dauɗa-dauɗa, fuskar mai ita ta nutse cikin duhu. Idan baƙar abaya ce, sai ta ƙara haske har baƙin ya koɗe. Baƙin mutum cikin farin kaya, wanda shi ne shigarmu ta Juma'a da ta salla, yana daga cikin abubuwa mafi wuya ga kowace kyamara. A waya, taɓa fuskar mutumin a allo, ka ja ma'aunin hasken sama ko ƙasa da yatsa, kana lura da kada aikin da ke jikin farin ya ɓace, domin abin da ya ƙone ya zama fari fat ba ya dawowa da gyara. Inuwa tana taimakawa a nan ma, saboda tana rage tazarar da ke tsakanin hasken rigar da na fuska. Kamfanonin waya sun fara amsa laifinsu a wannan fage, Google ya fito da tsarin Real Tone a 2021 domin kyautata fitowar baƙar fata, amma babu tsarin da ya kai idon mai lura.

Na huɗu tazara. Babban idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, kuma duk abin da ya kusance shi yana kumbura. Wanda ya tsaya kusa ya ɗauka daga sama zai ba mutum ƙaton kai da gajerun ƙafafu, ya ɓata yankan rigar da tela ya wahala a kai. A ja da baya, a riƙe wayar a miƙe daidai ƙugu ko ƙirjin wanda ake ɗauka, a yi amfani da ido na biyu mai jawo nesa idan akwai. Yadi mai ƙananan ratsi, irin su saƙi, wani lokaci yakan fito da wasu igiyoyin launi da babu su a jikinsa, saboda ratsinsa ya yi karo da ragar Bayer. Matsawa gaba ko baya kaɗan yakan kawar da su.

Na biyar shi ne wanda ba a koyarwa da na'ura, wato tsayawa a gyara kafin a danna. Waya tana ba mutum damar ɗauka 50 a minti ɗaya, kuma wannan damar ce ke sa sakaci. Rigar da ba a goge ba, bokitin da ke bayan mutum, hannun rigar da ya naɗe, babu yawan ɗaukar da zai gyara su. Mai koyo zai amfana idan ya riƙa ɗora wa kansa sharaɗin Keïta lokaci-lokaci: ɗauka ɗaya, sai an duba kusurwoyi huɗu na hoton tukuna.

Sai batun gyara bayan ɗauka. Masu hoto sun daɗe suna shafe ƙuraje a jikin nagatif da fensir, ba dijital ya kawo wannan ba. To amma akwai iyaka tsakanin gyaran da ke kusantar da hoto ga abin da ido ya gani, da wanda ke nisantar da shi. Ƙara wa atamfa ƙarfin launi har ta wuce yadda take a zahiri algus ne, daidai da jera manyan tumatir a saman kwando. Haskaka fatar amarya har danginta su yi shakkar ko ita ce, wannan kuma mayar da kanmu ne ga ma'aunin katin Shirley da hannunmu, bayan waɗanda suka ƙirƙiro shi sun jingine shi.

Wa ya ɗauka, ina aka ajiye

A 1991 an yi wani baje kolin fasahar Afirka a New York, inda aka rataya wasu hotuna daga Bamako, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su, ya tura André Magnin ya nemo mai su. Magnin ya isa Bamako da kwafin hotunan, ya nuna wa Malick Sidibé, shi kuwa kallo ɗaya ya yi musu ya ce aikin Keïta ne. Aka sami dattijon a gidansa, da dubban nagatif ɗinsa a adane. A 1994 aka baje aikinsa a Paris da sunansa. Ya rasu a 2001. Sidibé kuma ya karɓi Zakin Zinariya na bikin fasaha na Venice a 2007, mai hoto na farko da aka ba wannan lambar ta aikin rayuwa.

Abu biyu suka sa wannan labari ya yiwu. Keïta yana da hannun da abokin sana'a zai gane ko babu suna, kuma ya ajiye nagatif ɗinsa shekaru masu yawa bayan ya daina amfani da su. Mu a yau muna ɗaukar hotunan sutura fiye da duk al'ummar da ta gabace mu, amma mafi yawansu suna zaune ne a waya guda, wadda za a iya sacewa a kasuwa ko ta faɗa ruwa, ko kuma a cikin WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa inganci idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Wanda zai zo nan da shekara 50 yana son sanin yadda matan Kano ko na Damagaram suke ɗaura ɗankwali a zamaninmu, ko wane aikin wuya samari suke yayi, zai iya tarar da abin da ya rage bai kai na Bamako ta 1955 ba.

Don haka darasin ƙarshe ga mai koyo ba ya buƙatar sabuwar waya. Ka ajiye asalin hoton kafin ka gyara shi. Ka kwafe shi a wuri na biyu da ba wayarka ba. Ka sa masa kwanan wata, da sunan yadin, da sunan wanda ya ɗinka, da naka. Waɗanda suka fi kyau kuma, a ƙarshen kowace shekara, ka kai a wanke maka su a takarda, ka sa a akwati.